Tsakanin Ke da Ku

Tun ranar Alhamis da uwar saurayinta Amaury ta kira ta a waya bakin Solenn ya ƙi rufuwa. Yau Asabar, tana tsaye a ɗan kicin ɗinsu na hawa na shida tana goge shuɗiyar rigarta, amma har yanzu maganar ɗaya take ta juyawa.

"Mama, ke dai ba ki ji muryarta ba ne. Cewa ta yi, 'Ke ce Solenn? Ki zo ranar Asabar ƙarfe biyu, ina son ganinki.' Ke ta ce min fa. Ba ku ba."

Maryvonne, mahaifiyarta, ba ta ɗago daga kitson da take wa jikarta Enora ba.

"Na ji. Sau goma sha ɗaya ke nan ina ji."

"Ai abin a maimaita ne. Shekara biyu uwar Amaury tana wuce ni a lambu kamar ta wuce kwandon shara. Yau ita da bakinta ta kira ni. Wa kika taɓa ji a garin nan ya ce wa baƙuwa ke? Mai biredin ƙasan benenmu ma, shekara takwas muna saye a wurinta, har gobe ku take ce min. Ba a ce wa mutum ke sai an ɗauke shi ɗan gida. Har cewa ta yi kar in gaya wa Amaury, so take ta ba shi mamaki."

Maryvonne ta ɗaure bakin kitson da jan zare, sannan ta ce, "Shi ɗan nata, me take ce masa?"

"Me kuwa za ta ce masa? Ɗanta ne."

"Tambayarki na yi. Kin taɓa jin suna magana?"

Solenn ta ɗan tsaya da gugar. Ba ta taɓa ji ba. Duk sanda uwar ta kira shi yana gidan nan, baranda yake fita ya ja ƙofa.

"Shekara talatin na yi ina goge benen irin mutanen nan a Paris," in ji Maryvonne. "Akwai abin da na sani wanda..."

"Don Allah Mama, kar ki ɓata min ranar nan. Rana ɗaya ce tak."

Tsohuwar ta haɗiye sauran maganar. Amma ba ta iya yin shiru gaba ɗaya, ba halinta ba ne.

"To shi ke nan. Gobe dai na gayyato Gildas cin abincin rana."

"Mama."

"Mene ne? Direban bas ba mutum ba ne? Ba shi da hoton kaka rataye a jikin bango, amma shi in ya ce ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai yake zuwa. Sau biyu yana tambayata ke. Kuma takardar haihuwar nan taki da kike yawo da ita a jaka kamar laya, jibi Litinin take cika wata uku. Ko kin manta?"

Ina za ta manta. Ofishin magajin gari ba ya karɓar takardar haihuwar da ta wuce wata uku daga mai neman ɗaurin aure. Wannan ita ce ta uku da Solenn ta sa aka aiko mata daga Quimper, garin da aka haife ta. Nata takardun sun cika tuntuni. Na Amaury ne da sa hannunsa suka rage. Da ya kai, da an manna sunayensu kwana goma a allon ƙofar magajin gari, yadda ake wa kowa, kowa ya gani ya sani.

Enora ta zamo daga kujera. Shekararta huɗu, ga baki kamar na 'yar bakwai.

"Mama, yau zan ce masa Papa?"

Solenn ta kashe abin guga, ta ɗora shi can saman firij inda hannu ba ya kaiwa, sannan ta durƙusa gabanta.

"Me muka ce?"

"Sai an manna sunanku a allo."

"Yauwa. Kuma in kin ga tsohuwar nan mai ɗan kare, me za ki ce?"

"Ina wuninku, Madam."

"'Yar albarka."

*

Asabar ta uku a Satumba duk ƙofofin tsofaffin gine-ginen garin Chanterive a buɗe suke, kowa ya shiga kyauta. Hasumiyar coci cike take da yara, ana layi a ƙofar ɗakin gilas da ake rainon itatuwan lemu. Solenn ta bi ta tsakiyar lambun gari, hannu ɗaya riƙe da Enora, ɗayan ɗauke da kek ɗin da ta gasa irin na garinsu.

Lambun nan nata ne ta wata fuskar. Shekara biyar tana aikinsa da koren kayan ma'aikatan gari. Wardin da suka yi layi har zuwa matakala, ita ta datse su ɗaya bayan ɗaya da almakashinta. Yau ce rana ta farko da ta wuce su da takalmi mai tsini.

A ƙarshen layin katafaren gidan Castelbray yake, da farin dutsensa da dogayen tagoginsa. Tun bayan yaƙi kakan Amaury ya sayar wa gari, ya zama ofishin magajin gari. Amma duk shekara a rana irin ta yau Madam de Castelbray, uwar Amaury, ce ke zagayawa da baƙi, kuma in ka ji yadda take cewa "benenmu" da "zaurenmu", sai ka rantse jiya ta ba su aron gidan.

A gefen ƙofa allon yake, cikin gilas. Takardu uku ne a ciki, na wasu masu sa'a.

"Nan ne?" in ji Enora, ta ɗaga ƙafa tana leƙe.

"Nan ne. Taho."

Madam tana tsaye a saman matakala, doguwa, siririya, farin gashinta a ɗaure tamau, 'yar farar karyarta a ƙarƙashin hammata. A damanta wata budurwa ce mai natsuwa da fara'a. Solenn ta san ta. Bérengère ke nan, 'yar aminan gidan, wadda tun rasuwar mahaifin Amaury a watan Afrilu take yawan zuwa taya Madam zama. A hagunta kuma Amaury ne.

Yana hango Solenn fuskarsa ta sauya, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi.

Enora ta fizge hannunta ta ruga.

"Amaury, ka ga kitsona? Kaka ce ta yi min."

Ya shafa kanta, amma idonsa na kan uwarsa.

"A'a, ga ki nan," in ji Madam. "Kin makara da minti biyar. Mene ne wannan a hannunki?"

"Kek ne na gasa muku, Madam."

"Ajiye shi bayan ƙofa, masu gadi za su ji daɗinsa. Amaury, ku riƙe min jakar nan."

Solenn ta ji "ku" ɗin, amma ta ce a ranta shi da Bérengère ake nufi. Ta ajiye kek ɗin inda aka ce. Ta kamo hannun 'yarta, suka bi ayarin baƙi, mutum kamar ashirin, suka shiga.

An nuna musu babbar matakala ta marmara. An nuna musu wata 'yar siririya a bayan labule, wadda 'yan aikin gidan ke bi a da don kar a haɗu da su. Daga nan aka shiga zauren ɗaurin aure.

Solenn ta sha shigowa nan da safe ta jera fure don bikin wasu. Ta san kujerun nan biyu masu jan karan-miski da ke gaban teburin magajin gari. Sau nawa ta tsaya tana kallon ta hagun, bokiti a hannu.

"Wannan shi ne kakan kakan mijina," Madam ta nuna wani hoto a bango. "Shi ya dasa babbar bishiyar da kuke gani ta taga. Amaury, ku gyara tsayuwa, kun yi kama da shi in kun miƙe."

"To, Mama. Yadda kuka ce."

Wannan karon babu kowa kusa da shi. Shi kaɗai ne a jikin taga.

Wani dattijo mai hular kwano a cikin baƙin ya yi dariya.

"Madam, a gafarce ni. Ɗanku na cikinku, ku kuke ce masa? Ni jikokina ko sunana ba sa sakayawa."

Mutane suka dara. Madam ta yi murmushi irin na wadda take jiran tambayar.

"Haka muka tashi a gidanmu. Shekara arba'in da ɗaya ina tare da mijina, ban taɓa ce masa kai ba. A wurinmu ku na jini ne, da wanda zai shigo cikin jinin. Bérengère, 'yata, ku matso nan, kuna cikin iska." Ta ɗora hannu a kafaɗar budurwar. "Duk 'ya'yan Castelbray a zauren nan aka ɗaura musu aure. Ina fata kafin bazara mu sake taruwa a nan."

Bérengère ta sunkuyar da kai. Wata mata ta ce, "Kai, sun dace kuwa."

"To ke da kai fa?" dattijon bai haƙura ba. "Wa kuke ce wa?"

"Ƙananan yara," in ji Madam. "Da dabbobi. Da masu yi mana hidima."

Karyar ta yi ɗan haushi tana neman sauka.

"Ke, Pistache, natsu." Madam ta juyo, muryar ba ta canza ko kaɗan ba. "Ke kuma Solenn, tunda kin zo, furen kan teburin nan sun yi yaushi. Sauya musu ruwa. Ai aikinki ne."

Kawuna ashirin suka juyo lokaci ɗaya.

Solenn ta ji zauren yana juyawa. Maganar mahaifiyarta ta dawo mata, shi ɗan nata me take ce masa. Kwana biyu tana rawar kai a kan kalmar da ake faɗa wa karya.

Ta dubi Amaury. Yana kallon takalminsa, jakar uwarsa a hannu.

Sai ta ji ɗan hannu yana jan rigarta.

"Mama, ai yau ba kya aiki."

Wannan ya dawo da ita hayyacinta. Ko me za a yi, ba a gaban yarinyar nan ba. Ta sunkuya ta ɗauke ta, ta saɓa a kafaɗa.

"Yau ba na aiki, Madam. Ku yi haƙuri."

"Ƙaramar matakala tana bayanki, ta fi kusa."

Solenn ta bi ta babbar. Takalminta yana ƙara a kan marmara, taki ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa.

*

Can ƙasan lambun, inda ɗan rafi ya ratsa, tsohon wurin wankin mata yake. Rumfa ce ta katako a kan kwamin dutse, da duwatsu masu santsi a jere inda mata ke durƙusawa a da. Nan Solenn take cin abincin ranarta in tana aiki. Nan kuma Amaury ya fara yi mata magana, shekarar da gari ya ba shi aikin gyara rufin.

Ta zaunar da Enora nesa da bakin ruwa, ta tara mata busassun ganye.

"Yi jirgi da su. Kar ki wuce dutsen nan. Kin ji?"

Sai da ta tabbata yarinyar ta shagala, sannan ta juya baya ta bar hawayen suka zubo.

Ba a yi minti goma ba ta ji takunsa a kan tsakuwa. Ta san takun ko cikin mutum dubu.

"Solenn, na rantse miki ban san ta kira ki ba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"To me..."

"Shekara biyu kana fita baranda in ta kira. Ni ina zaton kunyar faɗan da take maka kake ji. Ashe don kar in ji kana ce mata ku ne."

Ya zauna a kan dutsen da ke gabanta, ya dafe kai.

"Abin dariya ne a wurin mutane. Tun ina makaranta ake tsokanata da shi. Ban so ke ma ki yi min dariya ba."

"Da ka bar ni na yi dariyar. Da yau ba ni aka yi wa ba." Ta share ido da bayan hannu. "Kwana biyu, Amaury. Kwana biyu ina gaya wa Mama uwarka ta karɓe ni. Na gasa mata kek. Na koya wa 'yata gaisuwa."

"Ki yafe min."

"Ni kuma fa? Kai me ya sa kake ce min ke? Cikin ukun nan wanne ce ni? Yarinya, ko karya, ko mai hidima?"

"Kar ki ce haka." Ya ɗago kai. "Nawa ba irin nata ba ne. Duk rayuwata ku nake ji, ku zauna, ku miƙe, ku tuna sunanku. Ke kaɗai ce in na zo wurinki nake ajiye kayan nan in huta. Ranar da na fara ce miki ke a wurin nan, ranar na san ni mutum ne."

Ta so ta yarda. Abin da ya fi ciwo ke nan, ta san ba ƙarya yake yi ba.

"Bérengère fa?"

"Tare muka tashi. Mama ce take ta shirinta ita kaɗai. Ni ban ce e ba."

"Ka ce a'a?"

Ruwan ne kawai ke gudu a cikin kwamin.

"Na ji amsar," in ji ta.

"Ba ki san halin da take ciki ba. Tunda Baba ya rasu ba ta da kowa sai ni. Ba ta cin abinci sai ina zaune. Ta ce ranar da ta ga sunana da naki a allon nan, ranar za ta ajiye min makullin gidanta a bakin ƙofa. Ta ce ko gawarta kar in raka. Kuma za ta aikata, Solenn, na san ta. Ki ba ni zuwa Kirsimeti. Zan lallaɓa ta a hankali."

Solenn ta buɗe jakarta, ta zaro takardar. Ta sha ninki har gefenta ya yi laushi.

"Ta farko da na sa aka aiko, ka ce in bari Babanka ya samu sauƙi. Na bari, ta mutu a jakata. Ta biyu ka ce in bari a share makoki. Gaskiyarka ce, na bari. Wannan ta uku ce. Matar da ke ofishin Quimper har ta gane muryata. Ka san me ta ce min? Cewa ta yi, 'Ayya, har yanzu ba a yi bikin ba?' Na ce mata an ɗaga ne saboda ruwan sama."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma kuka a hanya.

"Ina sonki. Ko me zai faru ki riƙe wannan."

"Na riƙe. Amma so ba ya kai Enora makaranta." Ta waiwaya ta duba yarinyar, sannan ta rage murya. "Ni da ni kaɗai ce, da na jira ka har furfura ta fito min. Ba na ɓoye maka, ba ni da zuciyar barinka. Amma kalle ta. Ubanta ya gudu tun tana ciki, ba ta san shi ba, ba ta taɓa kukansa ba. Kai ta sani. Kai ka koya mata hawan keke. Kullum da safe, kafin ta sha madara, sai ta tambaye ni ko yau ne za ta ce maka Papa. Kullum ina ce mata saura kaɗan. Ni ce nake mata ƙarya, Amaury, ba kai ba. Bakina ne."

"Ni ma 'yata na ɗauke ta."

"To ka nuna. Mama ta gayyato Gildas gobe. Ba na sonsa, kai ma ka sani, kuma ba don in tsorata ka na faɗa ba. Amma na gaji da kare ka a teburin gidanmu, alhali kai ba ka iya kare ni a zaure ɗaya."

Ya kama hannunta da hannu biyu. Hawayensa na ɗiga a kan yatsunta, inda ƙayar wardi ta bar tabo.

"Gaya min abin da zan yi."

"Litinin ƙarfe tara, ka same ni a ofis da takardunka. Wannan ɗaya." Ta ɗaga kai ta dubi hanyar da ta gangaro daga babban gida. Tuni aka fara jin hayaniyar baƙi. "Nan ne ƙarshen zagayen, yanzu za su iso. Ka tsaya kusa da ni, ka riƙe hannun nan yadda ka riƙe shi yanzu. Ka ce wa mahaifiyarka ta ce min ku. Sau ɗaya kawai, a gaban mutanen da ta ce min ke. Ba gidanta nake so ba, ba sunanta nake so ba. Harafi biyu ne."

"A gaban mutane, Solenn? Zuciyarta..."

"A gaban mutane ta yi."

 Ya share fuska da hannun rigarsa.

"Zan gwada," in ji shi.

Suka miƙe tare. Hannunta na cikin nasa.

*

Muryar Madam ta riga ta isowa.

"...kuma a nan matan gari ke durƙusawa tun safe suna wanke zannuwan babban gida. Da sanyi sai sun fasa ƙanƙara kafin su sa hannu. Ba a jin sun yi gunaguni."

Ayarin ya zagayo bishiya. Madam ce a gaba, Bérengère a gefenta riƙe da igiyar karyar.

Solenn ta ji yatsunsa sun sassauta. Ba sakinta ya yi ba tukuna, sassautawa kawai.

Madam ta tsaya. Ta dubi hannayen nan biyu. Fuskarta ba ta motsa ba, amma hannunta ya tafi wuyanta, inda zoben marigayi mijinta yake rataye a sarƙa, ta damƙe shi gam. Ashe tsohuwar ma tsoro take ji.

"Amaury, kun bar baƙuwarmu ita kaɗai. Me kuke yi a nan da yarinyar lambu?"

 

Solenn ta matsa yatsunsa a hankali. Yanzu ne, in za a yi.

Ya dubi uwarsa, ya dubi zoben. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juyo ya fuskanci Solenn, idonsa jawur, ya ce da muryar da kowa zai ji:

"Ku yi haƙuri..."

 Ku ya ce. Bai roƙi uwar ba, shi da kansa ya ba ta, a gaban kowa, kalmar da gidansu ke ba wa na jini. Har ta fara jan numfashin godiya.

"...Madam Garrec," ya ƙarasa. "Maganar shingen nan, ma ƙarasa ta wani lokaci."

Ya zare hannunsa, ya sa a aljihu.

Ashe ku ɗin ma iri biyu ne. Akwai na gidansu, akwai na mai biredi. Wanda ya haɗa da sunan mahaifinta, na mai biredi ne.

Dattijon mai hular kwano ya kawar da kai yana kallon rufi. Bérengère ta yi ja har kunne, ta ƙura wa karyar ido. Madam ta saki zoben.

"To, mu ci gaba. Ku lura da katakon nan, ɗana ne ya gyara shi."

Solenn ba ta yi kuka ba. Ta riga ta gama na yau. Abin da ya zo mata a rai shi ne rigar sanyin Enora, da cewa iska ta fara tashi. Ta je ta ɗago yarinyar, ta kakkaɓe mata ganye daga gwiwa, ta sa mata rigar, ta ɓalle maɓallan har wuya.

"Amaury, ka ga jirgina?" Enora ta ɗaga ganye da tsinke a tsakiya. "Na yi maka ɗaya. Mama, yau ne? An manna?"

Solenn ta durƙusa a kan dutsen wankin, inda wasu matan suka durƙusa kafin ita, har idonta ya yi daidai da na 'yarta.

"Ba a manna ba. Za mu gida. Je ki yi masa sallama. Ki ce masa ku."

"Ai Amaury ne."

"Na sani. Ki ce masa ku, yadda na koya miki da safe."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi shi. Ba ta gane ba, amma yarinya ce mai jin magana. Ta tako har gabansa, ta haɗa ƙafafunta, jirgin ganyen a hannunta.

"Sai an jima, Mesiye. Na gode muku."

Solenn ta ga yadda maganar ta same shi. Ya yi baya taki ɗaya, ya dafa ginshiƙin da ya gyara da hannunsa.

Ta buɗe takardar haihuwar, ta shimfiɗa ta a kan busasshen dutse kusa da ƙafarsa, ta ɗora tsakuwa a kai don kar iska ta jefa ta ruwa.

"Kwana biyu suka rage mata," ta ce. "Ba zan aika a kawo ta huɗu ba."

Ta kama hannun Enora. Baƙin suka dare, suka ba su hanya.

Suka hau gangaren, suka wuce babbar bishiya, suka shiga layin wardi. Takalmin ya fara cin ta a diddige. Ba ta waiwaya ba.

Sun kusa ƙofar lambun sai ta ji shi. Taku a kan tsakuwa, da sauri, yana matsowa. Ta san takun. Ba ta tsaya ba, amma ƙafafunta sun rage sauri ba da izininta ba.

Daga can ƙasa muryar tsohuwar ta taso, ba da ƙarfi ba.

"Amaury. Ku dawo."

Taku ɗaya. Na biyu.

Sai tsakuwar ta yi shiru.

Enora ta waiwaya, tana tafiya tana jan hannun uwarta.

"Mama, ya tsaya."

"Na ji," in ji Solenn. "Duba gabanki, za mu tsallaka titi."